Kwana Huɗu Tsakanin Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Buhu ne ya kai ni Kano. Kwamitin bankin hatsi na garinmu, can gefen Madarunfa a jihar Maraɗi, shi ya aike ni in sayo buhunan da za mu zuba gero idan kaka ta yi, in kuma nemo wani ƙarfe na injin niƙanmu da ya karye. Kwana ɗaya na ce wa iyalina zan yi, sai ga shi na yi huɗu, kuma da guzurina ya kai da na ƙara.

Mun bi ta Ɗan Isa, muka tsallaka Jibiya, muka yi azahar a Katsina. Da la'asar sakaliya muka iso Dawanau, a bakin Kano, inda cunkoso ya tsayar da motarmu cik. Na leƙa ta taga, iyakar ganina manyan motoci ne a jere, 'yan dako suna hawa katako da buhu a wuya suna saukowa a guje. Ga gero, ga dawa, ga wake, ga riɗi, ga zoɓo. Na tambayi na kusa da ni ko yau ce ranar kasuwa, ya ce ai nan kullum ranar kasuwa ce. Na daɗe ina jin sunan Dawanau a bakin 'yan kasuwarmu, don farashin da aka yanke a nan da safe shi muke kwana da shi a Maraɗi, amma ban taɓa zaton hatsi na taruwa wuri guda har haka ba.

Mai masaukina ƙanen mahaifiyata ne. Ya bar gida tun yana saurayi, ya tsufa a tuƙin babbar mota, wadda mu muke ce wa kamyo. Da na zayyana masa abin da na gani, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai kasuwa kawai ka gani. Bari gari ya waye in kai ka inda hatsin nan ke shiga ya fito da wata kama."

Dole in faɗi abin da ya sa maganar ta hana ni barci. Ina cikin waɗanda suka ga shekarar 2005 da idonsu. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango suka ƙarasa abin da ya rage a wasu yankuna, kafin ruwan gaba ya sauka tiyar gero ta fi ƙarfin talaka. Na ga mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, na ga ana tone gidan tururuwa ana neman tsaba. Abin da ya fi ci mini rai, kasuwa cike take da hatsi, kuɗin saye ne babu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mamadou Tandja, ya musanta cewa ana yunwa, agajin duniya kuma bai kankama ba sai da hotunan yaranmu suka fita a talabijin cikin watan Yuli. A shekarar nan likitocin na-gari-na-kowa, MSF, sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. Tun daga shekarar nake tambayar kaina, in yunwa ta sake zuwa, daga ina ceto zai fito, kuma kwana nawa zai yi a hanya?

Da Bompai muka fara, don Kawu ya ce ita ce uwa, tun zamanin Turawa ake kafa masana'antu a cikinta. Titunan a miƙe suke, da tsofaffin itatuwa da dogayen katangu. A titin Maimalari ya tsayar da ni gaban kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills, wanda aka kafa a 1971, ya nuna mini rumbunansa. Na ɗaga kai har hulata ta nemi zamewa. Rumbun gidanmu na kara ne, damin gero ake jerawa ciki, in ya cika maigida ya yi hamdala. Magazan ɗin OPVN, hukumar hatsi ta gwamnatinmu, kuwa ɗaki ne mai faɗi da ake shirya buhuna. Waɗannan a tsaye suke kamar hasumiya, ba buhu, ba dami, tsabar ce zalla ake kwarara musu ta sama a zuƙo ta ta ƙasa. Da alkama aka san gidan a da, yanzu har da masara da dawar da manomanmu ke nomawa yake niƙawa.

Ciki kuwa a wata masana'antar niƙa ta daban muka shiga, inda Kawu ya shekara yana sauke kaya, masu gadi duk sun san shi. Nan na fara ruɗewa. Wata tirela ta hau wani faffaɗan ƙarfe a ƙasa ta tsaya, ba a sauke ko buhu ɗaya ba, sai ga wani saurayi ya miƙo takarda ta taga ya ce an auna. Na ce me aka auna? Aka ce motar da kayanta baki ɗaya. In ta juye ta dawo a sake auna ta ba kaya, a cire wannan daga wancan. Sai da aka maimaita mini sau biyu na gane. Na tsaya ina lissafi da yatsu: tirela na ɗaukar buhu 300, buhu kuwa tiya 40 ne, ke nan tiya 12,000 aka auna kafin in gama gyara hulata. A bankin hatsinmu, ranar rabo, tun hantsi muke awo da tiya har rana ta faɗi, kuma duk ajiyar da muke tinƙaho da ita ba ta cika motar nan ɗaya ba.

Kafin a karɓi kayan sai da wani ya soka dogon ƙarfe cikin buhuna nan da can, ya zuba tsabar cikin wata 'yar na'ura ta nuna masa lamba. Laima yake dubawa. Ya ce in ta haura wajen kashi 13 cikin ɗari, hatsin ba zai ajiyu ba. Mu da haƙori muke wannan gwajin, kuma sau biyu haƙorin ya yaudare mu muka buɗe magazan muka tarar da fumfuna. A can ƙarshen injin, wajen da gari ke zuba cikin leda, aka nuna mini wani ɗan mazurari da ke yayyafa wani farin gari kaɗan-kaɗan. Sinadaran gina jiki ne, har da bitamin A, wanda dokar Najeriya ta tilasta a sa cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki tun 2002. Hoton idon nan da ake gani a jikin leda, shaidarsa ke nan. Shekara nawa ina ganin idon nan a kanti, ina ɗauka ado ne.

Da muka fito Kawu ya ɗan ba ni tarihin dalar gyaɗa, yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, su Alhassan Ɗantata suka riƙa tara buhuna kamar duwatsu ana kwasa zuwa teku. Ya ce a wancan zamanin abin da ƙasar nan ta noma fita yake yi ɗanye. Na riƙe wannan maganar, don washegari ta dawo mini.

Sharaɗa ta fi Bompai hayaniya, kuma kashi uku ce. Kawu ya riga ni fita, ya ce in same shi a Fes Tu. Na yi ta tambayar unguwa mai wannan sunan, har wani mai a-daidaita-sahu ya fahimtar da ni cewa kashi na biyu ake nufi. Ɓatan ya yi mini rana, don na iske lokacin canjin ma'aikata. Ƙofofi suka buɗe, samari da 'yan mata ɗari bisa ɗari suka fito, wasu suka shiga, masu abinci sun kafa tukwane a gindin katanga, mai shayi na ta sheƙa. A Maraɗi muna da 'yan masana'antu, amma ban taɓa ganin titi ya cika da ma'aikata kamar an tashi daga Idi ba.

A nan kamfanin Dala Foods yake, wanda Alhaji Safiyanu Madugu ya kafa. Da ganyen shayi ya yi suna, City Tea, daga baya ya shiga sarrafa gero. Kawu ya saya mini ledar kunun tsamiyarsu a wani kanti, muka roƙi mai shayi ruwan zafi, ya zuba ya motsa. Na kurɓa. Kunun tsamiya ne sosai, da yajinsa da tsaminsa. Na riƙe kofin na yi shiru har Kawu ya ce, "Lafiya dai?" Na ce, "Kawu, wata mata na tuna." A rabon agajin 2005 an ba ta tsabar hatsi, ta ɗauka ta zauna a gindin bedi tana kallonsa. Ba ta da ƙarfin surfe, ba ta da kuɗin niƙa, ba ta da itacen da za ta hura. An ba ta abinci, amma tsakaninta da loma akwai aikin yini guda. Wanda ya zauna ya yi tunanin surfa gero, ya wanke, ya niƙa, ya haɗa da tsamiya da kayan yaji, ya busar ya ɗura a leda, wataƙila matafiyi da ma'aikacin ofis ya nufa. Ni dai matar nan na gani, da 'yan gudun hijirar da suka bar turmi da taɓarya a garuruwansu. Kuma abincin nasu ne, ba wani baƙon gari da za a tsaya koya wa uwa yadda ake dama shi ba.

Nan ne zancen biskit ya taso. Haka matanmu suka raɗa wa Plumpy'Nut, ɗan ƙullin nan na gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙira a Faransa a 1996. Nauyinsa giram 92 ne, ba ya son wuta, ba ya son ruwa, uwa ta yage baki yaro ya tsotsa. Shi ya sa aka daina kwantar da kowane yaro a likita, aka riƙa auna damtse da ɗan zaren nan mai launi, in ya nuna ja kuma yaron na iya ci, a ba uwar na mako ta koma gida. Kwali ɗaya mai ƙulli 150 kan tashi yaro guda cikin wajen wata biyu. A 2005 daga Faransa ake kawo mana shi, har ta jirgin sama, alhali gyaɗa a bayan gidanmu take tsirowa. A shekarar ne kamfanin STA na Yamai ya fara yin sa. To, ashe a Kano ma yanzu ana yi, a kamfanin NutriK mai alaƙa da Nutriset na Faransa. Da na ji haka sai da na yi kabbara. Maganin da muka taɓa jira daga bayan teku, ga shi a inda mota ke tashi da safe ta kai Maraɗi kafin magariba.

Murnar tawa ta ɗan sami gyara a wani gidan sarrafa gyaɗa da waken suya da muka leƙa. An shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, wata yarinya cikin farar riga tana aiki da kwalabe. A gabanmu ta ce a mayar da wani kaya. Na ɗebi gyaɗar na duba, fes da ita, na ce, "Malama, me wannan ta yi?" Ta ce, "Baba, abin da ke cikinta ido ba ya gani." Ta bayyana mini cewa fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, tun a gona ko wajen shanya a ƙasa, tana barin wata guba da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta da tsumburar da yara, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Saboda ita ne masu yin abincin yaran tamowa sukan sayo gyaɗa daga wata ƙasa su bar tamu. Ta ce akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin fure, sannan a yi shanya bisa tamfol. Raina ya sosu, amma yarinyar ta burge ni ƙwarai. Sa'ar 'yata ce, ta tsaya gaban mai kaya da rawaninsa ta ce a'a, cikin ladabi, kuma maganarta ta zauna.

Chalawa hanci ke fara sanin an iso ta. Majemun fata ne birjik, kuma ruwan da ke fita daga wasunsu yana gangarawa wajen kogi da launin da bai kamata ruwa ya yi ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, don akwai masu lambu a ƙasa. Haka kuma na ƙirga ƙofofi da dama a garƙame, ciyawa ta cinye harabar. Kawu ya ce rashin wuta da tsadar man janareta da kayan waje masu araha su suka kashe su. Muna tsaye ma aka ɗauke wutar, unguwar ta yi tsit na ɗan lokaci, sai janaretoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar hadari ya taso. Waɗanda suka rage suna aiki a wannan hali, jarumai ne.

Akwai injinan casar shinkafa a nan, irin su Popular Farms, inda shanshera ke shiga ta fito fara tas, na'ura mai ido tana tsince baƙar tsaba ɗaya-ɗaya da iska. Kawu ya ce in ina son sanin tushen shinkafar Kano in je Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonaki rani da damina. Gwamna Audu Bako ya gina ta, aka gama a 1974, daidai lokacin da babban farin nan ya gama karkashe dabbobin Sahel. Mutumin ya ga fari, ya amsa masa da ruwa. Allah ya jiƙansa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a Chalawa shi ne abin da na zo nema tun farko. Gidajen saƙar buhu, irin na Mamuda, a nan suke. A wanda aka bar mu muka leƙa, na ga ana narka ƙwayoyin roba su zama zare, zaren ya hau wata masaƙa mai zagaye, ta yi ta juyawa tana fitar da buhu dogo ba iyaka kamar hanjin rago, gaba a yanka, a ɗinke gindi, a buga suna. Ƙarar ba ta barin magana, da hannu ake nuni. Na tuna masaƙin garinmu da ƙoshiyarsa, yini guda ƙwarya kaɗan. Tsofaffi sun ce yunwar 1927 Mai Buhu aka sa mata, don a buhu hatsin ceto ya riƙa isowa. Wanda bai taɓa rabon agaji ba ba zai san darajar buhu ba. Ko hatsi ya kai tudun Dala, in babu abin zubawa, babu mota, babu hanya, mai jin yunwa a Dakoro bai san da shi ba.

A kan hanyar komawa muka bi ta Zawaciki, Kawu ya nuna mini tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a watan Janairun 2023, inda kwantena ke sauka kamar a bakin teku. Ya ce layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi ya dire a Maraɗi. Na ce Allah ya nuna mana.

Daren ƙarshe a ƙofar gida muka raba shi. Kawu ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana ɗaukar kayan hukumar abinci ta duniya, wadda mu muke kira PAM, a Najeriya kuma WFP. Tun da rikicin arewa maso gabashin Najeriya ya tsananta, a Kano take sayen dawa da gero da wake ta tara a sito, motoci su kwasa zuwa Damaturu da Maiduguri. Ya ce abin da ya koya a wannan aiki shi ne, kayan da aka saya da kaka aka ajiye kwana biyu suke yi su isa, wanda kuwa aka tsaya neman kuɗinsa bayan kuka ya tashi sai ya yi watanni, kuma a ninkin farashi. "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce ai ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ma ta amince da kafa rumbun tsimi na yanki tun 2013. Ya ce to, yanzu da Nijar ta fice daga cikinta fa?

Nan muka zo kan iyaka, wadda ita ce ciwon. Yunwar 1984 a wajenmu El Buhari ake ce mata, don a shekarar aka rufe iyakar Najeriya ana tsakiyar fari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo talakan ɓangarorin biyu ne ya sha. Ni ba ɗan siyasa ba ne, kuma kowace ƙasa na da hujjarta. Amma yaron da damtsensa ya nuna ja a Gidan Rumji da wanda ya nuna ja a Jibiya, kakanninsu ɗaya, kuma ba ɗayansu da zai iya jiran a gama sulhu.

Don haka ina roƙon gwamnonin Kano da Katsina da Maraɗi, da sarakunanmu, da manyan 'yan kasuwar Dawanau da masu masana'antun nan, su zauna tun ana ƙoshi. A rubuta yarjejeniya cewa motar da ta ɗauko abincin agaji da na yaran tamowa ba a tsare ta a iyaka, ko me ya shiga tsakanin gwamnatoci. A ƙulla ciniki da injinan Bompai da Sharaɗa da Chalawa tun da kaka, a san wa zai niƙa, wa zai ɗura, wa zai ɗauka, ranar da masu sa ido suka ce damina ta gaza. A ba su wuta. A koya wa manomanmu fitar da gyaɗar da yarinyar nan mai farar riga za ta karɓa.

Ranar Alhamis da asuba Kawu ya raka ni tasha. Ƙarfen injin a wata makera ta Sharaɗa aka ƙera mini sabo cikin yini ɗaya, buhunan an ɗaure su bisa rufin mota, a aljihuna kuma ga 'yar na'urar gwada laima da na saya da ragowar guzurina. Mun bar Kano bayan sallar asuba, na yi la'asar a Maraɗi.